Mai Neman Izinin Wa'azi da Mai Hana Shi: Shugabannin Ƙungiyoyi da Ƴancin Magana da na Addini a Ƙasar Ƙonni da Adar

Gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, suna kan mahaɗar hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce babban titin da ya taso daga Yamai ya nufi Maraɗi da Damagaram. Ɗayar kuma ta fito daga Sakkwato, ta ratsa Illela ta Nijeriya, ta haura Tawa da Agadas. Albasar Galmi da simintin Malbaza da man fetur na bin waɗannan hanyoyi, wa'azi ma haka: a da a bakin almajirai da fatake, daga baya a kaset, yau a wayar hannu. Abin da malami ya faɗa a Sakkwato ko Kaduna da dare, da safe an riga an ji shi a tashar Ƙonni.

Akasarin mutanen yankin Musulmi ne, sai dai ba bakinsu ɗaya ba. Akwai ƴan Tijjaniyya da Ƙadiriyya, akwai ƴan Izala, akwai tsirarun ƴan Shi'a. Akwai Kiristoci a Galmi da Ƙonni, ga kuma Azna da suka riƙe al'adun kakanni. Wannan takarda tana bin sawun shugabannin jama'a, na ƙungiyoyin addini, na jam'iyyu da na fararen hula, domin a ga wanda ya kare ƴancin faɗin albarkacin baki da na addini, da wanda ya yi masa barazana. Ma'aunin da aka ɗauka shi ne yadda shugaba ya yi da bakin wanda ba nasa ba, domin neman ƴanci wa kai abu ne da kusan kowa ya taɓa yi lokacin da yake ƙasa.

Buƙatu biyar na Magami

A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kafin iyalinsa su koma Degel. Jama'ar da ta taru a kansa, da malamanta da almajiranta da matan da ke zuwa ɗaukar karatu, ita ce ƙungiya mafi girma da ta taɓa tsayawa gaban sarautar Gobir a kan batun wa'azi. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya rarraba kyaututtuka. Shehu bai karɓi dukiyar ba. A maimakonta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar Gobir, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kada a jibga wa talakawa haraji. Bawa ya amince.

Idan aka duba buƙatu biyu na farko, za a ga sun raba abin da dokokin zamani sukan haɗa. Ƴancin mai magana daban, ƴancin mai sauraro ya ji ya kuma bi daban. Shehu ya san izinin wa'azi ba shi da amfani idan dogari na tsaye a ƙofar masu zuwa ji.

Sarki Nafata ne ya warware wannan alkawari. Ya sa aka yi shela cewa ban da Shehu kansa ba wanda zai yi wa'azi, ɗa ba zai bar addinin ubansa ba, wanda ya musulunta ya koma inda ya fito, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Dabarar a fili take: a bar shugaba da bakinsa, a yanke shi daga jama'arsa. A zamanin Sarki Yunfa abin ya kai ga farmaki a kan mutanen Malam Abdussalami a Gimbana, sannan hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, da yaƙin Tabkin Kwatto a Yunin wannan shekara. Birnin Ƙonni na cikin garuruwan farko da suka faɗa hannun masu jihadi.

Daga nan tambayar ta juya. Abdussalami, wanda zaluncin da aka yi wa mutanensa ya kusantar da hijira, shi ne a 1817 ya yi ta musayar wasiƙu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello daga Kware, yana kukan an tauye masa rabo, an kuma kauce wa adalci. Rigimar ta ƙare da yaƙi da mutuwarsa a 1818. Abin lura shi ne Bello bai ɓatar da hujjojin abokin hamayyarsa ba, ya kawo wasiƙun cikin abin da ya rubuta a kan rikicin, shi ya sa har yau ake iya karanta ƙorafin. Bori ya sha matsi a birane, amma Azna ba su ƙare ba. A Massalata, dab da Ƙonni, har yanzu dattawansu kan yi bikin arwa duk shekara, su duba abin da shekara za ta zo da shi na damina da annoba da zaman lafiya, jama'a kuwa su cika wurin, da masu imani da abin da masu kallo kawai.

Turawa, mishan da ƙungiya ɗaya tilo

Faransawa sun shigo Ƙonni da wuta. A Mayun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone birnin ta kashe ɗimbin mutane. Mulkin da ya biyo baya ya sa ido a kan malamai, musamman masu kai da komo zuwa Sakkwato da Kano, bai kuma saki jiki da ƴan mishan masu jin Ingilishi ba. Ƙungiyar mishan ta SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Mafi yawan masu layin ganin likita a wurin Musulmi ne, wasu daga ƙauyukan Adar, wasu daga ƙetaren iyaka, kuma kowa ya san asibitin na Kiristoci ne. Ɗorewarsa fiye da shekara 70 a tsakiyar garuruwan Musulmi shaida ce cewa sarakuna da limaman yankin sun zaɓi zaman lafiya da shi. Sai dai wannan haƙuri ya fi yalwa ga baƙo. Dokar Nijar ba ta hukunta wanda ya sauya addini, amma ɗan gida da ya yi haka yakan gamu da hukuncin dangi: a janye masa mata, a hana shi gado, a daina cin abinci da shi. A nan barazanar ba daga wata ƙungiya mai rajista take fitowa ba, kuma ba kasafai ake jin shugaban ƙungiya ya tsawatar a kanta ba.

Bayan samun mulkin kai, jam'iyyar PPN-RDA ta Diori Hamani ta zama ita kaɗai a fage, domin tun 1959 aka haramta Sawaba ta Djibo Bakary. Janar Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a Afrilun 1974, ya yi wa addini irin wannan tsari. A shekarar aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, AIN, ƙarƙashin Alfa Oumarou Ismaël, da rassa har cikin gundumomi. A wancan lokaci ta hannunta ake samun izinin wa'azi, ita ke daidaita saɓani tsakanin malamai. Masu yabonta suna cewa ta kare Nijar daga irin tarzomar Maitatsine da ta auka wa Kano a Disamban 1980. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma kuɗin da aka biya shi ne malamin da bai yi wa hukuma daɗi ba ya rasa mumbari. Shugabancin AIN ya tsare zaman lafiya, bai tsare ƴancin magana ba, ba a ma kafa shi don haka ba.

Bayan babban taron ƙasa na 1991

Taron ƙasa da aka yi daga Yuli zuwa Nuwamban 1991 ya buɗe ƙofa. Jaridu masu zaman kansu suka fito, gidajen rediyo suka biyo baya, ƙungiyoyin addini kuma suka yawaita: ADINI-Islam ta ɓangaren Izala, ANASI, ARCI ta ɓangaren Tijjaniyya, da wasu da dama. Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 bisa koyarwar Sheikh Abubakar Gumi, ta riga ta shigo ta hannun ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni. A farkon al'amari ita ce mai kukan danniya. Mabiyanta sun sha fama kafin a bar su su gina masallatansu, su yi Juma'arsu, su ƙi zuwa walimar suna da sadakar bakwai ba tare da an kai ƙararsu gaban sarki ba. Shugabanninta sun kare haƙƙin matashi ya saɓa wa limamin unguwarsu da hujja, sun buɗe makarantun matan aure. Wannan faɗaɗa ƴanci ne na gaske, ko da ba da wannan suna suka kira shi ba.

Amma wa'azin da ya ƙwato wannan fili shi ne kuma ya riƙa jifan ƴan ɗariƙa da bidi'a, ya jefi masu bori da shirka, wani lokaci da lafazin da ke halatta wulaƙanci. Ƴan ɗariƙa suka rama da neman hukuma ta rufe bakin abokan hamayya. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Waɗanda suka fi asara su ne marasa ƙungiya: ƴan bori da makaɗansu, da Azna, waɗanda ba su da shugaba mai takardar rajista da zai je ofishin gwamna ya yi magana da yawunsu.

Inda ƙungiyoyin suka haɗa kai kuwa, sau da yawa a kan toshe wata muhawara ne. A 1994 sun taru suka yaƙi daftarin dokar iyali, har aka yi addu'ar tsinuwa a kan wasu mata uku da ke kare shi, gwamnatin Mahamane Ousmane ta ajiye batun. Ƙin amincewa da doka haƙƙinsu ne, kuma sun yi amfani da shi kamar kowane ɗan ƙasa. Kiran sunan mace a bainar jama'a a tsine mata abu ne dabam, domin manufarsa ita ce ta gaba ta ji tsoron buɗe baki. A Nuwamban 2000 zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, wanda mai zanen tufafi Alphadi ya shirya, ta rikiɗe ta zama tarzoma a Yamai da Maraɗi. A Maraɗi an afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren Kiristoci, waɗanda ba su da hannu a bikin. Gwamnatin Mamadou Tandja ta mayar da martani da rusa wasu ƙungiyoyin addini ɗungurungum, wato ta hukunta mai jifa da wanda bai ko fito daga gida ba.

Shari'ar da ta taso daga Ƙonni

Ba a kan mumbari kaɗai ake gwada ƴancin magana ba. A Adar da ƙasar Ƙonni akwai batun da aka daɗe ana rufewa, wato wahaya: yarinya mai asalin bauta da ake saye a ajiye a matsayin ta biyar bayan mata huɗu, ana fakewa da addini. Ƙungiyar Timidria, da aka kafa a 1991, ita ce ta fito da maganar fili. An sanya bauta cikin manyan laifuka a 2003, amma a 2005 aka tsare shugaban ƙungiyar, Ilguilas Weila, na tsawon makonni, bayan rushewar wani bikin ƴanta bayi da aka shirya, a daidai lokacin da hukumomi ke musun cewa akwai bauta a ƙasar.

Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan jika 240 na sefa. A 2005 ta samu takardar ƴanci, amma wanda ya saye ta ya ce matarsa ce. Kotun farko a Ƙonni ta ba ta gaskiya a 2006, babbar kotun Ƙonni ta soke hukuncin, da ta auri wanda take so kuma aka yanke mata wata 6 a kan aure bisa aure. Timidria da abokan aikinta suka kai ƙara kotun CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta sami Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta sefa miliyan 10. Abin da shari'ar ta sauya ya wuce rayuwar mace ɗaya. Bayanta ya zama da wuya a kama mutum don kawai ya ce akwai wahaya.

Abokan kurkuku na 2005

A Maris na 2005 aka kama jagororin gamayyar da ke yaƙi da tsadar rayuwa, bayan sun tsayar da harkoki a birane a kan harajin da aka ɗora wa kayan masarufi. Cikinsu akwai Nouhou Arzika, Marou Amadou, Moussa Tchangari da Moustapha Kadi. A 2009 an sake kama Marou Amadou saboda adawa da tazarcen Tandja. A wannan gwagwarmaya jagoran ƴan adawa shi ne Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji a gundumar Illela, shugaban PNDS-Tarayya.

Farkon mulkin Issoufou ya ba da fata. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta riga ta soke ɗaurin ƴan jarida a kan laifin aikinsu a Yunin 2010, kundin tsarin mulki na Nuwamban 2010 ya raba addini da hukuma a mataki na 3, ya kuma tabbatar da ƴancin tunani, magana da ibada a mataki na 30. A Nuwamban 2011 Issoufou ya zama shugaban ƙasa na farko da ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain, mai neman a daina ɗaure mutane a kan ɓata suna. Marou Amadou ya zama ministan shari'a. Yana kan wannan kujera aka kama Tchangari a 2015, aka sake kama shi tare da Nouhou Arzika da Ali Idrissa a ranar 25 ga Maris 2018 a kan zanga-zangar ƙin dokar kasafin kuɗi, suka yi wata 4 a tsare. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta dawo da ɗauri ta bayan gida, da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a 2020 a kan rubutun da ta yi a Facebook.

Ranakun wuta: 2015, 2019 da 2022

Issoufou ya halarci macin Paris na 11 ga Janairu 2015 bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo. Da jaridar ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi (SAW), tarzoma ta ɓarke a Damagaram ranar 16, a Yamai ranar 17. Mutum 10 suka mutu, ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. Kiristocin Nijar ba su zana komai ba, ba su buga komai ba. A ranakun ne wasu malamai suka fito a talabijin ta ƙasa suka ce Musulunci bai yarda da wannan ɓarna ba, shugabannin majami'u kuma suka hana mabiyansu ramuwa. Washegari, 18 ga wata, hukuma ta tarwatsa macin ƴan adawa da aka shirya tun kafin rikicin, ta kama mutane da dama.

Abin da ya faru a Maraɗi a Yunin 2019 ya fi nuna nauyin bakin shugaba. Majalisa na shirin duba dokar tsara ibada, wadda ta tanadi neman izini kafin gina wurin ibada da sa ido a kan kuɗin da ke shigowa. Limamin wani masallaci a unguwar Zariya, Sheikh Rayadoune, ya ce dokar yaƙi ce da Musulunci. Aka kama shi. A daren magoya bayansa suka ƙone wata majami'a a unguwar. Da aka sake shi, ya nemi a daina ƙone-ƙone, ya kuma ce waɗanda suka fassara masa takardar ne suka ɓatar da shi. An amince da dokar a ranar 17 ga Yuni. Kurakurai uku ne suka haɗu a nan: limami ya yi hukunci a kan abin da bai karanta ba, hukuma ta amsa huɗuba da kamu maimakon bayani, matasa kuma suka huce a kan wanda ba ruwansa. Akwai na huɗu da ba a cika ambata ba. Ana rubuta dokokin Nijar da Faransanci, masu hawa mumbari a Ƙonni da Illela kuwa Larabci da Hausa suka karanta, don haka duk wanda ya riga kai musu fassara shi ke da ra'ayin gari.

A ƙetaren iyaka, kisan ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, ranar 12 ga Mayu 2022, bisa zargin ɓatanci, ya raba kan malamai. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ke shugabantar Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam, ya yi tir da kisan ya nemi a hukunta masu hannu, abin da ya jawo masu zanga-zanga suka nufi fadarsa. Bishop Matthew Hassan Kukah ya ce a ɗauki abin a matsayin laifi, kada a mai da shi faɗan addinai. Wasu masu wa'azi kuwa sun wanke kisan, kuma muryoyinsu sun zaga wayoyin Ƙonni kamar yadda suka zaga na Sakkwato. Matsayin Sarkin Musulmi ya fi sauran nauyi a wannan ma'auni, domin nasa mutanen ya saɓa wa, kuma ya san za su fusata.

Halin da ake ciki tun 2023

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jingine kundin tsarin mulkin 2010. Ƙungiyoyin addini da dama sun mara wa sabbin mahukunta baya da addu'o'i da alƙunutu, tawagar malaman Nijeriya ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau na Izala kuma ta gana da shugaban mulkin soja, Janar Abdourahamane Tiani, a Agusta don a kauce wa yaƙi, a lokacin da iyakar Ƙonni da Illela ta Nijeriya ke rufe. Wannan shiga tsakani ya yi amfani. A kan bakin ƴan jarida da na fararen hula kuwa, ba a ji muryar shugabannin addini da irin wannan ƙarfi ba. An dakatar da Gidan Ƴan Jarida na Yamai a Janairun 2024. A Yunin 2024 aka maido da ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta intanet, wanda gwamnatin Mohamed Bazoum ta cire a 2022. An rusa jam'iyyun siyasa a Maris na 2025. Moussa Tchangari, babban sakataren ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, wanda aka tsare a zamanin Tandja, aka tsare aƙalla sau uku a zamanin Issoufou, an sake kama shi a gidansa da ke Yamai ranar 3 ga Disamba 2024.